Chidimma ta zo ta biyu a Meziko: 'yar wa ce, kuma ina muka bar Shatu?

Ummi BUK: Salamu alaikum 'yan gida. Wa ya kwana a kan gasar sarauniyar kyau ta Miss Universe ta 2024? Ni dai sai da gari ya waye na ajiye waya. 'Yar Denmak ce ta ɗauki kambun, Victoria Theilvig, amma Chidimma Adetshina tamu ta zo ta biyu. Ta biyu a cikin mata sama da 120! Ta Meziko mai masaukin baƙi ta uku, ta Tailan ta huɗu, ta Benezuwela ta biyar. Najeriya ba ta taɓa kaiwa nan ba a Miss Universe.

Hajiya Mai Atamfa: Wa alaikumus salam. Tamu? Ke da wa?

Ummi BUK: Haba Hajiya, tutar Najeriya ta ɗauka ai.

Hajiya Mai Atamfa: To Allah ya sanya alheri. Ni dai na san ko rumfata ba ta sani ba a Kwari. Ke kuma da kike da lakca gobe kin kwana kallon mata suna yawo a kan dandamali. Bari na ga babarki.

Malam na Gwale: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ummi, 'yata, ba zan yi miki faɗa a cikin jama'a ba, amma kada a sa mu taya murna a kan abin da bai dace ba. A tara mata a tuɓe su a gaban alƙalai ana ba su maki, wannan ba nasara ba ce ko da ta ɗaya aka zo. Allah ya ce wa mata kada su yi fitar nuna ado irin ta jahiliyyar farko, yana nan a Suratul Ahzab aya ta 33. Ba ni na faɗa ba.

Ummi BUK: Allah ya gafarta Malam, na ji. Amma ni labarin yarinyar ne ya riƙe ni, ba kayan wankan ba. Kun san abin da aka yi mata a Afirka ta Kudu?

Auwalu Tela: Ba mu sani ba, ba mu labari. Ni dai hotunan rigarta aka fara turo mini tun da safe.

Barista: Bari na taya Ummi, don na bi maganar tun watan Agusta. A Soweto aka haife ta, a Cape Town ta girma, a ƙasar take karatun lauya. Mahaifinta ɗan Najeriya ne Ibo, mahaifiyarta kuma asalinta Mozambik. Ta shiga gasar Miss South Africa ta kai zagayen ƙarshe, sai mutane suka ga sunan Adetshina suka ce wannan ba tasu ba ce. Zagi ta ko'ina a intanet, har da ministan al'adunsu ya sa baki. Daga nan ma'aikatar cikin gidansu ta yi bincike ta ce akwai alamun mahaifiyar ta yi amfani da takardun wata mata a 2001. Ita ma'aikatar da kanta ta ce yarinyar jaririya ce a lokacin, ba ta da hannu. Duk da haka ta janye ana saura kwanaki kaɗan a yi gasar, ta ce don tsaron kanta da danginta. Sai masu shirya Miss Universe Nigeria suka gayyato ta Legas, aka rataya mata sunan Jihar Taraba, ta ci a ƙarshen Agusta. Wata uku bai cika ba ga ta ta biyu a duniya. Ita kuwa wadda 'yan Afirka ta Kudun suka zaɓa, Mia le Roux, rashin lafiya ta sa ta janye a Meziko, ba ta hau dandamalin ƙarshe ba.

Hajiya Mai Atamfa: Ikon Allah. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Auwalu Tela: Taraba kuma? Ta san hanyar Jalingo?

Barista: Haka suke yi a wannan gasar, rabon sunayen jihohi ake yi, ba a tambayar takardar ƙaramar hukuma. Amma ta fuskar doka ba ta da matsala. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a waje, in ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Najeriya ne, to shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Ba alfarma aka yi mata ba.

Maman Ikram: Ni abin da ya ba ni mamaki tana da ɗa fa. Da can ai ko aure kika taɓa yi ba za ki shiga ba.

Ummi BUK: Sun sauya, Anti. Tun gasar 2023 matan aure da masu 'ya'ya suke shiga, a 2024 kuma suka cire iyakar yawan shekaru. Ta Benezuwelar da ta zo ta biyar ma uwa ce. Kuma Malam, akwai 'yar Somaliya, Khadija Omar, da hijabinta ta shiga.

Malam na Gwale: Hijabi a wurin da aka taru don kallon jiki, me ya rufe? Ummi, ki tambayi Barista asalin gasar. Na san ya sani.

Barista: A nan kam Malam yana da hujja. Miss World ta fara a Landan a 1951, wani Eric Morley ya shirya ta a matsayin gasar kayan wanka. Miss Universe kuma kamfanin da ke ɗinka kayan wanka na mata ne ya kafa ta a Amurka a 1952, bayan wadda ta ci Miss America ta ƙi sa kayansu a ɗauke ta hoto. Talla ce tun ranar farko. Donald Trump ya riƙe ta daga 1996 zuwa 2015. A 2022 wani kamfanin Tailan ya saye ta a kan dala miliyan 20, shekara ta zagayo kamfanin ya shiga kotu yana neman a sassauta masa bashi. Miss World ce ta cire zagayen kayan wanka a 2014, Miss Universe har yanzu tana yi.

Malam na Gwale: To kun ji. Haja ce, 'ya'yan mutane ne hajar.

Maman Ikram: Allah ya gafarta Malam, ni ba zan ja da aya ba, wa ni. Amma ina so na faɗi abin da nake gani a sana'ata, tunda gyaran amare nake yi a Hotoro. Ana kawo mini yarinya saura sati biyu biki. Dilka, halawa, turaren tsuguno, lalle ja da baƙi har gwiwa. Uwar ango ta aiko a ce a ƙara mata haske, wai dangin ango farare ne kada ta fita daban a hoto. Ranar dina a ɗaure ta a cikin riga sai ƙawaye biyu sun ja igiyar baya, ba ta iya zama sai a gefen kujera, ba ta iya cin ko loma ɗaya. A shigo da ita zaure cike da maza, abokan ango a gaba, masu kyamara uku suna bin ta, kafin a tashi an sa a Instagram, mutanen da ba su san ta ba suna rubuta "ta yi" ko "ba ta yi ba, angon ya fi ta kyau". Wannan ba maki ba ne? Bambancin kawai tamu ba a ba ta kambu, sai ciwon baya.

Hajiya Mai Atamfa: Wallahi Maman Ikram kin faɗi gaskiya. Lesukan da nake sayarwa mafi tsada na dina ne, kuma duk shara-shara ake nema.

Malam na Gwale: Shi ma wancan muna wa'azi a kansa kullum, ba a ji ne. Ɓarnar gida ba ta halatta ta waje.

Maman Ikram: Haka ne Malam. Sai dai ban taɓa ganin an kira iyayen amarya an tuhume su ba. Iyayen Shatu kuwa an yi shelar za a kira su.

Ummi BUK: Yauwa Anti, inda nake son a zo ke nan. Shatu Garko, 'yar Kano, shekararta 18, ta ci Miss Nigeria a Legas a Disambar 2021. Da hijabinta daga farko har ƙarshe, ita ce ta farko mai hijabi da ta ci. Naira miliyan 10, da mota, da gidan zama na shekara guda. Me muka yi mata? Kwamandan Hisbah na lokacin, Malam Harun Ibn Sina, ya ce za su gayyaci iyayenta. A Facebook kuwa abin da aka rubuta a kanta ba zan iya maimaitawa a gaban manya ba. Yau kuma na duba, wasu daga cikin mutanen nan su ne suke sa hoton Chidimma suna cewa mun kunyata Afirka ta Kudu. 'Yar wani in ta yi abin alfahari ne, tamu in ta yi a rufe ta zama abin kunya.

Auwalu Tela: Shekarar nan ba zan manta da ita ba, don a cikinta aka ce mu masu ɗinki mu daina ajiye mutum-mutumin tallar kaya. Nawa guda biyu na sa yaro ya cire musu kai da zarto. Har yau suna nan a shago a Zoo Road, ba kai, suna sanye da doguwar riga.

Hajiya Mai Atamfa: Kai Auwalu ana magana kana kawo gunkinka.

Malam na Gwale: Ummi, ki bambance abu biyu. Masu zagin Shatu da kalaman batsa sun yi laifi, zagi ba wa'azi ba ne, kuma na faɗa a lokacin a makarantarmu. Amma dalilin da ya sa aka yi magana a kan Shatu ba a yi a kan wannan ba a fili yake: Shatu tamu ce, musulma ce, 'yar gida. Mutum ɗansa yake tsawata wa. Waccan addininta daban, al'adarta daban, ba ni da iko a kanta. Kuma ni ban sa hotonta ba, ki duba.

Ummi BUK: Ban ce ku ba, Malam. Amma in 'yar gida ce, ai a gida ake yi mata faɗa, ba a gidan rediyo ba.

Baba Ɗan Kaduna: Tun ɗazu nake karantawa ban so sa baki ba. Ku yara kuna maganar nan da sauƙi saboda ba ku ga 2002 ba. Agbani Darego 'yar Ribas ta ci Miss World a 2001 a Afirka ta Kudun nan dai, sai aka ce shekara mai zuwa a Abuja za a yi. Tun kafin 'yan matan su iso ana rigima, wasu ƙasashe sun ce ba za su zo ba saboda hukuncin da kotun shari'a ta yanke wa Amina Lawal a Katsina, mu kuma a nan muna cewa ba ma so a kawo mana wannan abu, ga shi sun sauka cikin azumi. Sai jaridar ThisDay ta buga rubutun da ya taɓa mutuncin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Aka ƙone ofishinsu na Kaduna. Daga nan abu ya koma tsakanin unguwa da unguwa. Lokacin ina sayar da kayan gyaran babur a can. Kwana muka yi a ɗaki da yara, ba mu san da me za mu sha ruwa ba, hayaƙi ta ko'ina. Sama da mutum 200 suka mutu. Su 'yan gasar aka kwashe su a jirgi zuwa Landan, aka yi abin a can, 'yar Turkiyya Azra Akin ta ci, aka tafa mata. Marubuciyar ta bar ƙasar. Waɗanda muka binne ba wanda ya taɓa ganin dandamalin ko a talabijin. Bayan nan na tattaro iyali na dawo Kano. Shi ya sa in na ji ana gasar nan gabana yake faɗuwa, ko wa ya ci.

Hajiya Mai Atamfa: Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Allah kada ya maimaita mana.

Malam na Gwale: Amin. Allah ya ƙara lafiya, Baba.

Maman Ikram: Amin ya Allah.

Barista: Amin. Wata 'yar Turkiyya musulma ce ma ta ɗauki kambun a ƙarshe, Baba, abin da mutane da yawa ba su sani ba.

Anti Bose: Sannunku. Baba, Allah ya jiƙan su, mu ma mun rasa mutane a wancan rikicin. Ni ba ruwana da kayan wanka, ko a cocinmu ba a yarda da shi ba. Abin da ya sa na shigo shi ne dariyar da ake yi wa Afirka ta Kudu. Kun san wace ce Miss Nigeria ta farko? Grace Oyelude, 1957, lokacin jaridar Daily Times ce take shirya gasar. A Sabon Gari aka haife ta, a nan Kano, tana aiki a kamfanin UAC ta shiga, kuma Arewa ta wakilta. Daga baya ta je Ingila ta karanto aikin jinya. Wato sarauniyar kyau ta farko a ƙasar nan haihuwar Kano ce. Wa ya taɓa jin an kira ta 'yar Kano?

Ummi BUK: Wallahi Anti ban taɓa ji ba.

Anti Bose: Ba za ki ji ba ai. Ni a Sabon Gari aka haife ni, mahaifiyata ma a nan aka haife ta. Hausar nan da nake rubutawa ita na fara ji kafin Yarbanci. Da 'yata za ta nemi makaranta aka ce a kawo takardar shaidar asali, na je aka dube ni aka ce "Madam, ku je garinku." Garin da sau ɗaya na je, jana'izar kakana, suna ce mini 'yar Hausa. To da aka ce wa Chidimma ta koma garin ubanta, ni na san abin da ta ji. Ita ta samu masu gayyatarta Legas su ba ta Taraba kyauta. 'Yata ba wanda ya ba ta ko mazaɓa.

Hajiya Mai Atamfa: Bose, wannan maganar ta yi nauyi. Amma mu ma 'ya'yanmu da aka haifa a Shagamu da Anaca haka ake yi musu. Ƙanina shekara talatin yana Fatakwal, 'ya'yansa sai sun zo Dala suke karɓar takarda.

Anti Bose: Na sani, Hajiya. Ban ce Kano kaɗai ba. Cewa na yi kafin mu yi wa wasu dariya.

Barista: Tsarin mulkin ne da kansa ya ɗaure abin. Ya ba ka zama ɗan ƙasa ta hannun uba ko uwa, sannan a maganar rabon muƙamai ya koma ya ce kai ɗan jihar da iyayenka ko kakanninka suke 'yan asalin wata al'umma a cikinta ne. Haihuwa da zama da biyan haraji ba sa shiga lissafi. Da gasar Miss Universe Nigeria tana bin wannan ƙa'idar, da Chidimma ba ta ɗauki sunan Taraba ba.

Malam na Gwale: Wannan zancen na Madam Bose daban ne, kuma ina tare da ita a kansa. Kano da baƙi ta ginu, ku duba sunayen unguwanni: Ayagi, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Dandalin Turawa. Amma kada a haɗa shi da gasar tsiraici. In ana neman abin da 'ya mace za ta wakilci ƙasa da shi, muna da shi. A 2024 Hajara Ibrahim Ɗan'azumi 'yar Gombe ta zo ta ɗaya a musabaƙar Alƙur'ani ta duniya ta mata a Jodan. Mutum nawa ne a nan suka kwana ba barci saboda ita?

Ummi BUK: Na sa hotonta a lokacin, Malam, kuma kun yi mini addu'a a ƙasan hoton. Amma ba kowa Allah ya ba hadda ba. Kuma akwai wadda ta haɗa biyun: a 2013 Aisha Ajibola 'yar Najeriya ta ci gasar World Muslimah a Jakarta, duk a rufe, har da karatun Alƙur'ani a cikin abin da aka gwada su. A watan da ake Miss World a tsibirin Bali na ƙasar aka yi ta. Wannan fa?

Malam na Gwale: Ta fi sauƙi, amma in dai fuska ake jerawa ana zaɓa, sunan ne kawai aka sauya.

Auwalu Tela: Malam, to Bororo fa? A Nijar wajen Ingal maza ne suke shafa jan ƙasa da kwalli su jeru suna zaro ido suna nuna haƙora, mata su zaɓa. A kira iyayensu su ma?

Baba Ɗan Kaduna: Auwalu, kai dai ba ka da dama.

Maman Ikram: Ni abu ɗaya na ɗauka daga gasar nan, kuma zan yi amfani da shi. Chidimma baƙa ce. Zozibini ta Afirka ta Kudu da ta ci a 2019 baƙa ce, da gashinta a aske gajere. Agbani ma baƙa ce. Kullum ina fama da 'yan mata masu shafa mai, guiwar yatsu baƙi ƙirin fuska ja, fatar ta yi laushi har halawa tana ɗaye ta, sai na ce ba zan taɓa ba. In na ce su daina sai su ce samari farare suke so. Yanzu zan buga hoton fuskar yarinyar nan na manna kusa da madubi.

Malam na Gwale: Fuskar kawai dai.

Maman Ikram: Daga wuya zuwa sama, Malam, na yi alkawari.

Hajiya Mai Atamfa: Ummi, bari na tambaye ki. A ce ƙanwarki ce ta zo ta ce za ta shiga irin ta Shatu, da hijabi da komai. Za ki raka ta Legas?

Ummi BUK: Gaskiya Hajiya ba zan so ba, saboda na san bakin mutanen garin nan, kuma Abba ba zai bari ba. Amma in 'yar wani ce ta je da yardar iyayenta, ba zan zage ta ba, kuma ba zan ce ba 'yar Kano ba ce.

Hajiya Mai Atamfa: To kin ga. Bose, ki turo mini yarinyar nan taki rumfa ranar Talata, maigidana ya san mai unguwarku, a gwada ko za a dace. Ban yi alkawari ba.

Anti Bose: Ta riga ta je can garin ta karɓo, Hajiya, kuɗin mota kawai muka yi asara. Amma akwai ƙaninta yana aji biyar, zan kawo shi.

Auwalu Tela: Tunda an zo maganar rumfa, Hajiya, mutum uku ne suka turo mini rigar Chidimma ta daren jiya, duk amaren Disamba. Sun ce irinta sak, amma a sa dogon hannu, a rufe ƙirji, a toshe tsagar, a yi shafi har ƙasa. Na ce to me ya rage? Suka ce ni dai na ɗinka. Akwai yadi mai duwatsu a wajenki?

Hajiya Mai Atamfa: Akwai, amma ba a farashin bara ba, dala ta hau. Ka zo bayan azahar da kuɗinka a hannu, kuma ka taho da cikon na wancan lesin.